Kazata ta kwanta kan ƙwai 17, dan Allah masu kiwo ku shigo

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu kiwon kajin gida ku taimaka min, ni sabuwar shiga ce. Kajina 3 ne da zakara 1, to ɗaya daga ciki wata ja yau kwananta 6 a gurbi bata tashi, ko hatsi na watsa bata kulawa, in na miƙa hannu sai ta kumbura ta baje gashi tana wani gurnani ta kawo min sara, jiya har ta fasa min bayan hannu. Abin da ya fi ɗaure min kai ranar da ta fara kwanciyar ƙwai 9 na ƙirga, yau da ta ɗan fita na leƙa sai na ga 17, wasu ma sun gangaro gefe na taɓa na ji su da sanyi. Kuma gashin ƙirjinta duk ya zube. Ciwo ne ko me? Tsoro nake kar yunwa ta kashe ta

Baba Mai Akurki: Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, lafiyarta ƙalau, kwanci take. Gashin ƙirjin ita ta fige abinta da kanta don fatarta ta riƙa taɓa ƙwan, ɗumin ya fi shiga. Abinci kuma tana ci, ke ce dai baki gani, sau ɗaya take fita a rana, ta ci ta sha ta yi wani ƙaton kashi mai wari ta yi birgima a ƙasa ta koma, duka bai fi minti 20 zuwa 30 ba. Inda matsalar take shi ne 17 ɗin nan. Ba ita ta ƙara ba, mai kwanci ta daina saka ƙwai. Sauran biyun ne ke hawa gurbinta suna zuba mata.

Maman Ilham: Wlh Baba haka ne kuwa, na sha ganin baƙar ta matse a gefenta, ni a zatona taya ta kwancin take

Hajiya Mai Zabi: Taya ta kuma? Aiki dai take ƙara mata. Kinga kaza madaidaiciya ƙwai 10 zuwa 12 take iya rufewa da kyau, in ƙarama ce ma 8 ya ishe ta. Mutane gani suke in an tara mata da yawa an ci riba, alhali ita juya ƙwan take kullum, na tsakiya ya koma gefe na gefe ya dawo tsakiya, to in sun fi ƙarfinta kowanne sai ya ɗanɗani sanyin gefen nan, maimakon ki rasa 5 sai ki rasa kusan duka. Ni da kaina na taɓa zuba ma wata 20 saboda haɗama, 3 ta ƙyanƙyashe, sauran duk baragurbi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki ƙanwata, rage su.

Maman Ilham: To Hajiya ya zan gane na farkon? Duk kamarsu ɗaya ban sa musu alama ba

Abba Injin: anty ki haska su da tocila kawai. ki bari dare yayi ki shiga daki mai duhu ki dora kwan akan tocilar waya ta bangaren mai fadi ki dan dunkule hannunki kar hasken ya watse, in akwai da a ciki zaki ga jijiyoyi ja kamar sakar gizo gizo da wani dan baki a tsakiya wani lokacin ma yana motsi, in fayau yake kamar kwan da aka saka yau to ko dai ba zakara ko kuma sabo ne, in kika ga zoben jini ya zagaye ba jijiyoyi to ya fara ya mutu ki cire. amma ki bari su kai kwana 8 zuwa 10 lokacin bambancin zai fito sosai. gsky ni duk wannan wahalar ce tasa na koma injin kyankyasar kwai, ka saita zafi digiri 37.5 ka zuba ruwa shikenan ba mai sarar ka

Baba Mai Akurki: Abba kai da injin nan naka. Ranar da wuta ta ɗauke maka kwana biyu ba a nan ka zo kana salati ba?

Abba Injin: baba ai an wuce wajen, yanzu da sola nake aiki

Malamin Dabbobi: Shawarar Abba kan hasken daidai ce. Abin da zan ƙara, kada ki wanke ƙwan ko da kin ga kashi a jiki. Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi da ido baya gani, ta nan ɗan tsakon ke samun iska, kuma akwai wani siririn rufi da kaza ke shafe shi da shi lokacin sakawa mai hana ƙwayoyin cuta shiga. Ruwa na wanke rufin nan. In dattin ya yi yawa ki kankare a hankali da busasshen ƙyalle, ko ki cire ƙwan gaba ɗaya. Waɗanda kika zaɓa ki zagaye su da fensir, layi guda da zai kewaye ƙwan, yadda ko ta ina ya juya za ki gani. Duk wanda kika tarar ba layi washegari ki ɗauke.

Anti Larai: Ni dai tambayata a ina gurbin yake? Don in a cikin akurkin da sauran ke kwana ne to fensir kaɗai bazai raba rigimar ba, za su ci gaba da hawa kanta suna tattake ƙwan, ƙwai ɗaya ya fashe ya ɓata sauran da gwaiduwa, ga tururuwa. Wani lokacin ma ta fita cin abinci ta dawo ta tarar da wata a gurbin sai ta haƙura ta je ta kwanta a wani gurbin daban nata su huce

Maman Ilham: A cikin akurkin ne Anti, kan wani tsohon kwando da na ɗora saman bulo

Baba Mai Akurki: To ki raba ta da su. Amma da dare, ban ce da rana ba. Kaza da dare kamar makauniya take, ki ɗauke ta da kwandon da ƙwan gaba ɗaya ki kai inda kika shirya, wuri mai ɗan duhu, ba zirga-zirgar yara, inda ruwan sama baya shiga, ki kife ta da babban kwando ko ki rufe ƙofa kwana ɗaya biyu har ta saba. In kika ɗauke ta da rana da gudu za ta koma tsohon wurin ta kwanta kan bulo tsirara ta bar miki ƙwan. Kuma ki sauko da gurbin ƙasa, ɗan tsako in ya faɗo daga sama baya iya komawa, uwar kuma baza ta bar sauran ta bi shi ba, nan sanyi zai kashe shi. Abinci da ruwa ki ajiye ɗan nesa kaɗan yadda sai ta tashi, in kika sa a bakinta wata sai ta riƙa kashi a cikin gurbin.

Hajiya Mai Zabi: Sai ƙuma! Ku dai kar ku manta ƙuma. Mai kwanci ita ƙuma ta fi samu tunda zaune take wuri guda, ki ga zankon kanta ya yi fari fat jini ya ƙare, wata ta gudu ta bar ƙwan saura kwana 3, wata ma a kan ƙwan take mutuwa. Ki sa sabuwar shimfiɗa busasshiya, tsohuwar ki ƙone, ki ajiye mata toka da yashi a tsohon baho ta riƙa birgima in ta fito. Ki riƙa ɗaga fiffikenta da dare ki haska

Maman Ilham: Na gode Allah ya saka da alheri, zan dawo da bayani

Maman Ilham: Salam, na dawo. Na mayar da ita ɗakin ajiya tun daren nan kuma Alhamdulillah ta zauna. Jiya kwana 10 na haska, ni da Baban Ilham, shi ya riƙe ta don ni har yanzu tsoronta nake. 8 sun yi duhu sosai har muna ganin abu na motsi, wlh sai da tsigar jikina ta tashi. 3 akwai jijiyoyin amma ƙanana, 5 fayau, 1 kuma da zoben nan da Abba ya faɗa. Na cire 6 na bar 11. To ukun nan fa, in bar su?

Anti Larai: Ki cire su kawai, na baya ne, sun yi ƙasa da sauran da kwana 4 ko 5. Kaza bata jiran na baya

Hajiya Mai Zabi: A'a Larai rai ne fa a ciki. A bar su mana, 11 ai tana iya rufewa, in ta tashi sai a san dabara

Malamin Dabbobi: Duk ku biyun kuna da gaskiya. Ƙwan kaza kwana 21 yake daga ranar da ɗumi ya fara shigarsa, ba daga ranar da aka saka shi ba. Shi yasa kaza ke tara ƙwai na kwanaki amma su fito kusan rana ɗaya, tunda tare ta fara dafa su da jikinta. Waɗannan ukun agogonsu daban ne. Bayan na farko sun fito za ta ƙara zama kwana ɗaya, in ta yi haƙuri biyu, daga nan 'ya'yan za su fara fita neman abinci ita kuma dole ta bi su. Ki bar su amma ki sa musu wata alama daban, kuma tun yanzu ki nemi inda za ki kai su, ko wata mai kwanci a maƙwabta ko mai inji.

Abba Injin: kunga amfanin injin da baba ke zagi kenan

Baba Mai Akurki: Ban zage shi ba, cewa na yi injin baya koya ma tsako tono kuma baya ganin shirwa.

Hajiya Mai Zabi: Tunda an zo maganar agogo, mu masu sa ma kaza ƙwan zabi mun san wannan. Na zabi kwana 26 zuwa 28 yake, in kana son haɗawa da na kaza sai ka fara sa na zabin, bayan sati ɗaya ka ƙara na kazar sai su fito tare. Na agwagwar gida mai jan fuskar nan kuwa har 35, ni bana ma son ɗora ma kaza shi, sati 5 a zaune tana ramewa ai zalunci ne

Maman Ilham: Jama'a dan Allah wa ke kusa!! Yau kwana 20, ɗazu na je sa mata ruwa na ji tsiyau tsiyau a ƙarƙashinta, na ɗaga ta na ga guda 2 sun fito a jiƙe, wani kuma ya huda ɓawon bakinsa kaɗai ake gani tun safe yana nan bai ƙara ba, yana ta buɗe baki, in fasa masa?

Baba Mai Akurki: Kar ki taɓa. Ki mayar da ita ki fita ki ja ƙofa.

Malamin Dabbobi: Kar ki fasa Maman Ilham. Daga hudawa zuwa fitowa yana iya ɗaukar awa 12 har 24, hutawa yake. A wannan lokacin huhunsa ke sabawa da iska, jinin da ke cikin jijiyoyin da suka lulluɓe cikin ɓawon yana komawa jikinsa, sauran gwaiduwar kuma tana shigewa cikinsa ta cibiya. In kika ɓare kafin ya gama jijiyoyin za ki tsinka. Ɗaga kazar ma da kike yi illa ne, damshin da ke ƙarƙashinta na fita, fatar cikin ƙwan ta bushe ta manne masa. Daga kwana 18 ba a so a dame ta sam, ita kanta za ki ga ta daina fita.

Anti Larai: Amma Likita tsakani da Allah ni na taɓa taimaka ma wani kuma ya rayu har ya zama ƙaton zakara. Ba kullum ne taimako ke kisa ba

Malamin Dabbobi: Ana yi Anti, ban ce ba a yi ba. In ya wuce awa 24 da hudawa, fatar ta bushe ta yi kamar takarda, ba alamar jini, wanda ya saba yana iya ɗan ɓantarar ɓawon kaɗan kaɗan ya jiƙa fatar da ruwan ɗumi, da ya ga jini ya tsaya. Wannan nata tun safe ne kawai, kuma hannunta bai saba ba.

Maman Ilham: Innalillahi. Kafin in ga saƙonku na riga na ɗan ɓare gefen, jini ya fito sai na tsorata na mayar. Yanzu da asuba na duba ya mutu, cibiyarsa da wani abu rawaya a waje. Wlh na kasa ko karyawa, ni na kashe shi

Hajiya Mai Zabi: Ayya sannu ƙanwata. Ba wanda ya yi kiwo bai yi irin wannan ba, ni nawa ma sun fi a ƙirga, tausayi ne ya ja miki. Sauran fa?

Maman Ilham: 7 sun fito Hajiya sun bushe sun yi bul bul, suna leƙowa ta cikin fiffikenta. Amma tun jiya basu ci komai ba, na kai musu tsaki basu kula ba

Baba Mai Akurki: Da guzurinsu suka zo. Wannan rawayan da kika gani a cibiyar wancan, shi ne a cikin cikinsu, yana riƙe su kwana 2 har 3. Ki ajiye abincin da ruwan kusa ki ƙyale su, uwar ce za ta nuna musu, za ki ji tana ƙut ƙut tana ɗaukar ƙwaya tana yarwa a gabansu. Ruwan dai ki kula, ba a kwano mai zurfi ba. Faranti ko murfin roba, ki zuba tsakuwa a ciki yadda baki kaɗai zai shiga. Tsako a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba sai ya nutse, in bai nutse ba ya jiƙe sanyi ya kama shi.

Abba Injin: anty kawo ukun nan da wuri in ta tashi kar su huce, ki nado su a tsumma. kuma kar ki shimfida musu leda ko kwali mai santsi kafarsu zata bude su kasa tsayuwa, buntu ko diddigar katako yafi

Maman Ilham: Ta tashi yau da hantsi kamar yadda Likita ya ce, ko waiwayar ukun bata yi ba. Na kai su gidan wata maƙwabciya mai kaza a kwance ta zura mata da dare. Yanzu abinci, ina da ragowar abincin masu ƙwai rabin buhu, in ba su shi?

Malamin Dabbobi: A'a, wannan kam kar ki ba su. Abincin masu ƙwai an cika masa sinadarin kalsiyam saboda ɓawo, kusan kashi 4 cikin 100, ɗan tsako kuwa wajen kashi 1 yake buƙata, yawansa na lalata musu ƙoda. Ki nemi na 'yan tsaki, wanda ake ce wa sitata, furotin ɗinsa kashi 18 zuwa 20. Uwar ma shi za ta ci tare da su, tunda ba ƙwai take yi yanzu ba kuma ta rame tana buƙatarsa. Rabin buhun ki bar wa sauran biyun.

Baba Mai Akurki: Likita mu da muka tashi ba mu san sitata ba, tsaki ne da dusa kuma kaji suka cika gida.

Malamin Dabbobi: Gaskiya ne Baba, amma waɗancan sake suke, uwar na tono musu gara da tsutsa da ƙwari da ɗanyen ganye, nan suke samun abin gina jiki. Wanda aka killace kuma aka ba shi tsaki zalla cikinsa zai cika amma bazai girma ba, gashi ya ƙi fitowa. Sannan Baba a faɗi gaskiya, cikin 10 da kaza ke fita da su nawa ke kaiwa girma?

Baba Mai Akurki: To nan kam ka kama ni. Wani lokaci 3, wani lokaci 4. Ni ma ai yanzu killacewa nake, sai dai ina haɗa musu da gara, in kife tsohuwar tukunya da karmami da ɗan damshi a bakin shuri, da safe in kwaso musu.

Anti Larai: Maganar killacewar nan ita ce gaba ɗaya kiwon wlh. Bari in ba ku nawa, kazata ta fito da 12 cif, kyawawa, na ce ai uwa ta san aikinta na sake su kwana 3 da fitowa. Ranar farko ta ja su cikin ciyawa da sassafe raɓa ta jiƙa su 2 suka sanƙare, shirwa ta ɗauki 3 cikin sati ɗaya ina tsaye ina ihu ina jifa da takalmi, 1 ya faɗa kwata, 2 gafiya ta ja da dare ta ƙarƙashin ƙofa na tarar da fiffike kawai, wani kuma babbar kaza ce ta sare shi a ka wajen cin abinci. 3 suka rage. Ita uwar iya ƙoƙarinta ta yi, har tsalle take tana bin shirwar, amma kaza ɗaya ce da 'ya'ya 12 a fili. Tun daga nan bana sakin tsako sai ya yi sati 4 aƙalla, fiffike ya fito ya iya gudu ya san kukan gargaɗin uwarsa

Hajiya Mai Zabi: Kaza mai 'ya'ya ai ita ke tsoron shirwa. Ni abin da nake yi, babban keji mara gindi mai waya ƙanana ido, in rana ta fito raɓa ta bushe wajen ƙarfe 10 in fitar da su in kife su a inda ƙasa take a bushe, rabi rana rabi inuwa, su yi tononsu, gobe in matsar gaba. Da la'asar in mayar ɗaki. Wayar ki tabbatar mai ƙananan ido ce don in tsako na iya zurawa ya fita uwar na ciki to kin haɗa ma shirwa liyafa

Maman Ilham: To ɗumi fa? Na ga masu kajin gona na kunna musu fitila ko gawayi

Abba Injin: wannan mu ne marayu anty, mu muke neman zafi digiri 32 zuwa 35 a satin farko muna ragewa duk sati. ke kina da hita mai kafa biyu, jikin kaza wajen 41 yake, in sunji sanyi zasu shige in sunji zafi su fito. kar ki sa gawayi a dakin rufe ma hayakin zai kashe su

Baba Mai Akurki: Yau Abba ya yabi kaza, a rubuta.

Maman Ilham: Salam 'yan gida, yau kwanansu 6. Guda ɗaya na ga kashi ya bushe ya toshe masa baya yana ta kuka, wata ta ce in zuba musu jan kafso a ruwa wai duk tsako sai da shi

Malamin Dabbobi: Ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki dafa a wurin har ya yi laushi ya fita da kansa, kar ki fizga za ki cire da fata. Ki tsane shi sosai ki ɗan shafa man kadanya ko basilin ki mayar wa uwar. Ki lura kar ki ruɗe da cibiya, ita tana ƙasa ta wajen ciki, ba a taɓa ta. Kafso kuma dan Allah ku daina. Maganin kashe bakteriya ne, lafiyayyen tsako baya buƙatarsa, ba a san awon ba, kuma yawan ba su shi ne ke sa ranar da ciwon gaske ya zo maganin ya ƙi ci. Abin da ke share kajin gida gaba ɗaya shi ne fakat, wanda muke kira Niyukasil, ki ga koren zawo da wuya na murɗewa da numfashi da ƙyar, shi kuwa bairos ne, ko katan ɗin kafso kika juye bazai taɓa shi ba. Rigakafi ne kawai. Akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha ko a ɗiga a ido, akwai I-2 da ta fi jure zafi ita ma ɗigo ɗaya a ido. Ana farawa cikin sati biyun farko, a maimaita bayan kamar sati 3, daga nan duk wata 3 zuwa 4, har da manyan. Sai ta wata cutar kaji, Gumboro, wajen sati 2. Ki je wurin ma'aikacin dabbobi na kusa da ke ya tsara miki ranakun daidai da cutar da ke yawo a wajenku.

Anti Larai: Matsalar kwalbar ta kaji 100 ce ko fiye, mai 'yan tsaki 7 ya zai yi da ita

Malamin Dabbobi: Ku haɗu da maƙwabta ku yi rana ɗaya, dama in na maƙwabci basu samu ba naki ma basu tsira ba. A ɗauko ta cikin ƙanƙara, in an haɗa a gama da ita cikin awa 1 zuwa 2, ragowar ba a ajiyewa. Ruwan kuma kar ya zama mai kilorin, yana kashe ta. Ɗaya abin da za ki sa wa ido daga sati 3 shi ne kashin jini, tsako ya takure ya saki fiffike kamar ya yafa bargo. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce ke yaɗa shi, musamman gefen ruwa. Shi yana da maganinsa, amfiroliyam, amma busasshen wuri ya fi.

Hajiya Mai Zabi: Ruwan ma a riƙa sakewa safe da yamma, su da uwar duk tono suke su cika shi da datti, ga ƙadangare da albarkacin kaza yake shan ruwan kasko

Maman Ilham: Kwana biyu kun ji ni shiru, hidima ce. Yau satinsu 5 da kwana 2. An yi rigakafin mu gida 4 muka haɗu. 6 ne suka rage, ranar da na fara sakinsu Ilham ta bar ƙofar gida a buɗe muzuru ya shigo ya ɗauki ƙaramin cikinsu, wanda na wanke ma baya. Na gidan maƙwabciya kuma cikin ukun 2 sun fito ta ce in bar mata ɗaya na ce ta riƙe duka tunda kazarta ta karɓe su. To yanzu sabon abu, uwar ta fara sararsu in sun matso, jiya ma ta haye saman katako ta kwana ta bar su a ƙasa suna ta kuka, zankon kanta ya dawo ja zakara na ta binta

Baba Mai Akurki: Ta yaye su kenan, ƙwai za ta koma. Wata sati 4 take yi wata har 8. Tunda gashi ya rufe su ba komai, ki mayar da ita cikin manya, su kuma ki bar su a ɗakinsu su kwana tare suna ɗuma juna, in dare na da sanyi ki kife su da kwali mai huji. Kar ki haɗa su da manyan yanzu, sai sun kai kamar rabin girmansu, shi ma ki fara da waya a tsakani suna ganin juna kwanaki.

Maman Ilham: To Baba. Sai kuma baƙar nan mai zuba ƙwai a gurbin mutane, ita ma tun shekaranjiya ta kwanta, kuma gurbin ba komai don kullum ina kwashewa. Ni gsky ban shirya wani kwancin yanzu ba. Wai in tsoma ta a ruwa?

Malamin Dabbobi: Kar ki tsoma ta, wahala ce kawai ga mura. Kwanci wani sinadari ne a jininta, furolaktin, kuma ɗumin da ƙirjinta ke samu a gurbi na ƙara riƙe shi. Ki sa ta a keji mai gindin waya ki ɗora kan bulo iska na ratsa ƙasanta, wuri mai haske, ba shimfiɗa, ga abinci ga ruwa. Kwana 3 yawanci ya isa, in kin sake ta ta koma gurbi ki ƙara mata 2. Barin ta kan gurbi ba ƙwai shi ne mafi muni, sai ta yi fiye da sati 3 tana jiran abin da bazai zo ba tana ƙarewa.

Hajiya Mai Zabi: Ni kuwa da za ki ji tawa da baki karya ta ba. Mai kwanci a hannu ai dukiya ce, masu jajayen kajin gona irin su Isa Brown nema suke ido rufe don nasu an cire musu halin, da wuya su kwanta. Ki tara na ɗayar, waɗanda basu wuce sati ɗaya ba, masu kyan siffa ba tsaga, ki ajiye a inuwa tsinin na kallon ƙasa, in basu kai ba ki cike daga maƙwabta masu zakara, ki zuba mata 10 dare ɗaya da fensir ɗinki. Ɗakin ajiyar ma ai kin riga kin san hanya

Abba Injin: ko ta jira ni, nawa na cikin inji saura kwana 16, in bakar ta zauna kan kwai 2 na bogi har lokacin sai a zura mata yan kwana daya da dare tana farkawa ta dauka nata ne, ni na huta da gawayi ita ta samu yaya mu raba

Baba Mai Akurki: Wato dai injin uwa yake nema.

Maman Ilham: Hhhh Abba nawa ne a cikin injin? Don in sun wuce 10 baƙar nan ƙarama ce bazata rufe su ba. Bari in tambayi Baban Ilham tukuna, shi ke riƙe min su in za a ɗaga, kuma ya ce saran da ja ta yi masa a babban yatsa har yau bai warke ba